Yadda Ake Gina Wakilin Kwamfuta Wanda Motsin Rai Ke Karkatar da Abin da Ya Yarda da Shi

Mutum ba ya auna labari mai daɗi da marar daɗi a sikeli ɗaya. Idan abin da aka faɗa masa ya dace da burinsa, nan take zai karɓa. Idan ya saɓa, sai tambayoyi su taso: wa ya faɗa, a ina ya ji, an tabbatar kuwa? Duk wanda ke son gina wakili na ƙirƙirarriyar basira da zai kwaikwayi ɗan Adam sai ya iya zuba wannan hali a cikin lissafi, ko aikinsa nazarin yadda taro ke ficewa daga gini lokacin gobara ne, ko horas da ma'aikatan lafiya yadda za su yi magana da majinyacin da ya ƙi yarda da sakamakon gwaji, ko kuwa ƙirƙirar mutanen cikin wasan kwamfuta.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, don duk sauran aikin a kansa ya tsaya. Motsin rai ba ya rubuta wa wakili abin da zai yarda da shi kai tsaye. Nauyin hujja yake taɓawa. Masaniyar halayyar ɗan Adam Ziva Kunda ta bayyana wannan a 1990: mutane suna karkata zuwa ga abin da suke so ya zama gaskiya, amma iyakarsu inda za su iya kafa wa kansu dalili. Idan hujja ta taru ta yi yawa, yawancinsu sukan sallama ko da ba su so. Saboda haka wakilin da ke gaskata duk abin da ransa ke so ba ya wakiltar kowa, kuma ba za ka koyi komai daga gare shi ba. Wanda za mu gina yana jan ƙafa ne kafin ya karɓi gaskiya mai ɗaci, kuma za mu san daidai iyakar jan ƙafarsa.

Kayan aiki

Kwamfuta kowace iri ta isa, aikin ba ya bukatar mai ƙarfi. Ka sa Python tare da NumPy don lissafi da Matplotlib don zana sakamako. Idan ba za ka iya sa su a kwamfutarka ba, Google Colab yana da su a shirye, intanet kawai kake bukata. Idan kuma ba ka iya rubuta manhaja ba tukuna, kada wannan ya tsayar da kai: Excel ko LibreOffice Calc za su ɗauki matakai shida na farko ba tare da matsala ba, kowane layi ya zama zagaye ɗaya.

Daga lissafi, abin da ake bukata shi ne sanin yiwuwa daga 0 zuwa 1, da sanin inda logaridim yake a kalkuleta. Ka kuma ajiye takarda da biro kusa. Kowace ƙa'ida da za ka rubuta a manhaja, ka fara gwada ta da hannu sau biyu ko uku.

Mataki na 1: Zaɓi magana ɗaya da wakili zai yarda ko ya ƙi

Masu farawa sukan so wakilinsu ya mallaki ra'ayi a kan abubuwa goma, ya ji fushi da kunya da alfahari duk a lokaci guda. Ka bar wannan tukuna. Zaɓi magana ɗaya tak wadda ko gaskiya ce ko ƙarya, wadda kai mai ginawa ka san amsarta, wakili kuma bai sani ba.

Misalin da za mu bi: wakili yana kula da wani inji, kuma shi ya gyara shi, don haka yana so ƙwarai a ce gyaran ya yi. Maganar ita ce, “injin lafiyarsa lau.” A kowane zagaye wata na'urar awo tana ba shi rahoto, ko “lafiya” ko “akwai matsala.” Na'urar ba cikakkiya ba ce, tana faɗin gaskiya sau 8 cikin 10. Wannan lamba, 0.8, za mu kira ta I, wato inganci.

Ka rubuta abubuwa uku a takarda kafin ka ci gaba: maganar, wane rahoto ne mai daɗi a wurin wakili, da kuma muhimmancin lamarin a gare shi, lamba daga 0 zuwa 1 da za mu kira M. Idan M sifiri ce, babu ruwan wakili da sakamako, kuma bai kamata ya nuna wata karkata ba. Za ka dawo ka gwada wannan a gaba.

Mataki na 2: Samar da rahotanni ka adana su

Ka sa kwamfuta ta samar da jerin rahotanni 200. A zagaye 100 na farko injin lafiya yake, daga zagaye na 101 ya lalace. A kowane zagaye ka jawo lamba ta ƙuri'a tsakanin 0 da 1. Idan ba ta kai 0.8 ba na'ura ta faɗi gaskiya, idan ta kai ko ta wuce ta yi kuskure.

A Python ka ba injin ƙuri'ar lambar tushe tsayayya, wato lambar da yake fara jawo ƙuri'a daga gare ta, don jerin ya fito iri ɗaya duk lokacin da ka sake kunnawa. A Excel akwai tarko: RAND yana sauya lambobinsa duk sanda ka taɓa wani gurbi. Da zarar ka samar da jerin, ka kwafe shi ka liƙa lambobin zalla a wani wuri, ka yi aiki da waɗannan.

Mataki na 3: Fara gina ɗan tagwayen da ba shi da motsin rai

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne wanda ba na yarda a tsallake. Kafin ka gina wakili mai son rai, gina ɗan'uwansa wanda ke auna hujja daidai, bisa ƙa'idar Thomas Bayes da aka wallafa a 1763 bayan rasuwarsa. In ba shi, da me za ka auna karkata? Ganin wakili ya yarda da kashi 90 cikin ɗari bai nuna maka komai ba, sai ka san cewa hujjar da ya gani kashi 60 kawai ta cancanta.

Akwai darasi a kan haka daga binciken mutane. A 2011 Tali Sharot da abokan aikinta a Landan sun nemi mutane su ƙiyasta yiwuwar munanan abubuwa 80 su same su, kamar cuta ko sata, sannan suka nuna musu alƙaluman gaskiya, suka sake tambayarsu. Mutane sun fi gyara ƙiyasinsu idan alƙaluman sun fi yadda suka zata kyau. A 2016 wasu masana, ciki har da Adam Harris da Ulrike Hahn, suka nuna cewa tsarin gwajin kansa na iya fitar da alamar irin wannan bambanci ko daga wakilin da ba shi da wata karkata. Muhawarar ta ci gaba tsakanin ɓangarorin biyu, amma abin da ya shafe ka a fili yake: lissafi kaɗai yana iya haifar da abin da ya yi kama da son rai, kuma ɗan tagwaye ne zai tona maka shi.

Ga yadda ake gina shi. Yardar wakili lamba ce Y daga 0 zuwa 1. Amma kada ka yi lissafin a kan Y kai tsaye. Ka mayar da ita L, inda ln ke nufin logaridim ɗin da ke kan maɓallin ln na kalkuleta:

L = ln(Y ÷ (1 − Y))

Amfanin L shi ne, kowace hujja tana zama lamba da ake ƙarawa ko ragewa kawai. Idan Y ta zama 0.5, L sifiri ce. Nauyin rahoto ɗaya, da za mu kira N, shi ne ln(I ÷ (1 − I)). Da ingancin 0.8, wannan ya zama ln 4, wato 1.386. Rahoto mai daɗi ya zo, ka ƙara 1.386 a kan L. Marar daɗi ya zo, ka rage 1.386. Idan kana son ganin Y, ka juya, inda e take tsayayyar lambar da ln ya ginu a kanta:

Y = 1 ÷ (1 + e^(−L))

Gwada da hannu. Daga 0.5, rahoton “lafiya” ɗaya ya kai Y zuwa 0.8, na biyu ya kai ta 0.941. Idan “akwai matsala” ya biyo baya, ta dawo 0.8. Idan manhajarka ba ta ba da waɗannan lambobi ba, tsaya ka gyara kafin ka taɓa wani abu.

Sai gargaɗi mai muhimmanci. Bayan zagaye 100 na inji mai lafiya, L za ta taru ta haura 80. Idan injin ya lalace, ko ɗan tagwaye mai sanyin kai zai ci kusan wani zagaye 100 kafin ya dawo tsakiya, domin ƙa'idar da muka rubuta ta ɗauka cewa duniya ba ta canzawa. Mai kallo zai zaci taurin kai ne na motsin rai, alhali babu motsin rai a ciki sam. Magani shi ne ka yi wa L shinge, kada ta wuce 5 sama ko −5 ƙasa, wanda ya yi daidai da Y ta 0.993 da 0.007. Wata hanyar ita ce ka ninka L da 0.95 a farkon kowane zagaye, ya zama tsohuwar hujja tana dusashewa. Duk wadda ka zaɓa, ka sa wa tagwayen biyu iri ɗaya.

Mataki na 4: Shigar da karkata a kan nauyin hujja

Yanzu kwafi wakilin, ka ƙara masa lamba ɗaya, K, wato karkata. Ƙa'idar ta zama:

rahoto mai daɗi: L ta ƙaru da (1 + K) × N
rahoto marar daɗi: L ta ragu da (1 − K) × N

Shi ke nan. Idan K sifiri ce, ka dawo ga ɗan tagwaye. Idan ta fi sifiri, wakili mai kyautata zato ne. Idan ta gaza sifiri, mai munana zato ne, wanda labari marar daɗi ya fi kama shi.

A wannan matakin ka bar K tsayayya, a ce 0.3, ka ga abin da take yi. Labari mai daɗi yanzu nauyinsa 1.802, marar daɗi 0.970. Ka ba tagwayen rahotanni goma, biyar masu daɗi biyar marasa daɗi. Mai sanyin kai zai ƙare inda ya fara, a kan 0.5, domin hujjojin sun cinye juna. Mai karkata zai ƙare da L ta 4.16, wato Y ta 0.985. Hujja iri ɗaya suka gani, ba a ɓoye wa kowa komai ba, ba a yi wa kowa ƙarya ba, amma ɗaya yana cewa bai sani ba, ɗayan kuma ya kusa rantsewa injin lafiya yake. So hana ganin laifi ke nan a cikin lambobi, kuma karkatar da ta haifar da shi ba ta kai ko sulusi ba.

Yanzu ga lissafin da nake ganin ya fi kowane amfani a cikin aikin nan. A ce injin ya lalace da gaske. Na'ura za ta ce “akwai matsala” sau 8 cikin 10, ta ce “lafiya” sau 2 bisa kuskure. Matsakaicin motsin L a kowane zagaye zai zama 0.2 × (1 + K) a cire 0.8 × (1 − K), duka a ninka da N. Idan ka warware, abin da ya rage shi ne (K − 0.6) × N. Duba abin da wannan ke faɗa. Mai sanyin kai yana gangarowa zuwa gaskiya da saurin 0.6. Mai K ta 0.3 yana gangarowa da saurin 0.3, rabin na ɗan'uwansa, don haka zai ci ninki biyu na lokaci kafin ya sallama. A ƙiyasin takarda, daga shingen sama zuwa tsakiya, na farko zai ci wajen zagaye 6, na biyu wajen 12. Mai K ta 0.5 zai daɗe fiye da haka nesa. Idan kuwa K ta wuce 0.6, alamar ta juya: ƙarin rahotanni na ƙara nesanta shi da gaskiya ne, domin kurakuran na'ura biyu sun fi gaskiyarta takwas nauyi a wurinsa.

Wannan iyaka ita ce 2I − 1 ga kowace na'ura. Na'ura mai ingancin 0.9 tana jure karkata har 0.8. Mai ingancin 0.6 kuwa, karkatar da ta ɗan haura 0.2 ta isa ta kulle wakili a kan kuskure. Abin da muke gani a mutane ke nan: inda hujja ta fito sarari, son rai ba ya samun wurin tsayawa sosai, inda take da duhu kuwa, ɗan kaɗan ya ishe shi. Ba ka rubuta wannan hali a manhaja ba, da kansa ya fito daga ƙa'idar, kuma hakan alama ce mai kyau cewa ka sa karkatar a inda ya dace.

Kada ka bar K ta kai 1. A kan 1, labari marar daɗi ba shi da nauyi ko kaɗan. Sama da 1, ragewa ta koma ƙarawa, wato rahoton lalacewa yana ƙara wa wakili tabbacin lafiya. Manhaja ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ci gaba da fitar da lambobi masu kyan gani. Ka tsare K tsakanin −0.9 da 0.9.

Mataki na 5: Haifar da motsin rai daga yarda da buri

K tsayayya hali ne na dindindin, ba motsin rai ba. Motsin rai yana tashi yana sauka da abin da ke faruwa. Hanya mafi sauƙi ta samar da shi ta fito daga tsarin da Ortony da Clore da Collins suka tsara a 1988, wanda ya rarraba motsin rai gida 22 bisa yadda mutum ke kimanta abin da ya same shi. Biyu kawai muke bukata. Bege yana tasowa daga hangen abin da ake so, tsoro daga hangen abin da ba a so:

bege = Y × M
tsoro = (1 − Y) × M

Kada ka haɗa waɗannan da K kai tsaye. Idan ka yi haka, wakili zai riƙa tsalle daga murna zuwa fargaba a kowane rahoto, abin da mutum mai lafiya ba ya yi. Ka sa wani ma'aji a tsakani, R, yanayin rai, wanda ke bin su a hankali:

sabuwar R = R + 0.1 × ((bege − tsoro) − R)

Lambar 0.1 ita ce saurin sauyin yanayi. Da ita, bayan zagaye 7 kusan rabin tsohon yanayi yana nan, bayan zagaye 22 saura kashi ɗaya cikin goma. Ka ɗaga ta idan wakilinka mai saurin hucewa ne, ka sauke ta idan mai riƙo ne. Daga nan sai K = T × R, inda T ke nufin girman tasirin yanayi a kan tunani.

Jerin aiki a kowane zagaye yana da muhimmanci. Ka lissafa K daga yanayin zagayen da ya wuce, ka karɓi rahoto, ka gyara L, ka fitar da Y, sannan ka gyara bege da tsoro da R. Idan ka bar rahoto ya taɓa R kafin L, rahoto ɗaya zai yi aiki sau biyu, ya sauya yanayi sannan ya ci ribar yanayin da shi ya sauya.

Mataki na 6: Kula da da'irar da ka ƙulla

Abin da ka gina yanzu yana ciyar da kansa. Yarda na haifar da bege, bege na ɗaga karkata, karkata na ƙara yarda. Haka abin yake ta ɓangaren tsoro. A nan aikin yake da daɗi, a nan kuma yake ɓaci.

Ɗauki M ta 1 da T ta 0.8. Bayan dogon lokaci na inji mai lafiya, a ce Y ta zauna a kan 0.9, R za ta kusanci 0.8, K kuma ta zama 0.64. Ta haura iyakar 0.6 da muka samo. Injin ya lalace a zagaye na 101, amma wakili ya riga ya shiga halin da rahotanni, a matsakaici, ba sa saukar da shi. Sai dai in an yi sa'ar jerin munanan rahotanni a jere masu yawa da za su karya begen. Da zarar sun karya shi kuma, sai ka ga faɗuwa ta lokaci ɗaya: K ta sauka, munanan rahotanni sun dawo da nauyinsu, tsoro ya karɓi ragama. Wanda ya taɓa ganin mutum ya daɗe yana musun abu sannan ya rushe a rana ɗaya zai gane wannan zane.

Yanzu mayar da T zuwa 0.5. Komai girman begensa, K ba za ta wuce 0.5 ba, don haka gaskiya tana da rinjaye kullum, ko da a hankali. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: idan T × M ba ta kai 2I − 1 ba, wakili zai dawo hanya. Idan ta wuce, yana iya kullewa. Babu wanda ya fi wani daidai tsakanin biyun, ya danganta da wanda kake kwaikwayo. Abin da ba shi da kyau shi ne ka faɗa ɗaya ba ka sani ba, ka wallafa sakamako kana cewa ka gano wani abu game da mutane alhali lambar da ka zaɓa ce ta yi magana.

Mataki na 7: Raba tsoro da fushi, idan aikinka na bukata

Zuwa yanzu yanayin rai layi ɗaya ne, daga daɗi zuwa ɗaci. Wani lokaci hakan bai isa ba. Jennifer Lerner da Dacher Keltner sun nuna a 2001 cewa tsoro da fushi, duk da cewa dukansu marasa daɗi ne, suna jan ƙiyasin haɗari ta fuskoki mabambanta: mai tsoro yana ganin haɗari ya yi yawa, mai fushi kuwa ƙiyasinsa ya fi kama da na mai farin ciki. Bambancin yana cikin jin iko da tabbas. Mai fushi yana ganin ya san wanda ya yi laifi kuma yana iya yin wani abu.

Don shigar da wannan, ƙara lamba ɗaya ta iko daga 0 zuwa 1. Idan yanayi ya yi ɗaci kuma iko ya yi ƙasa, K ta sauka ƙasa da sifiri. Idan ya yi ɗaci amma iko na sama, ka bar K a sifiri ko ɗan sama. Haka kuma binciken Neil Garrett da Sharot na 2018, wanda ya haɗa da ma'aikatan kashe gobara a bakin aiki, ya nuna cewa jin barazana na sa mutane su fi karɓar labari marar daɗi, har fifikon labari mai daɗi ya gushe. Idan wakilinka zai shiga haɗari na zahiri, ka ba shi ma'aunin barazana da ke mayar da K wajen sifiri.

Mataki na 8: Auna

Zana Y ta tagwayen biyu a kan zane ɗaya, zagaye a kwance, yarda a tsaye, ka ja layi a zagaye na 101. A ƙarƙashinsa zana R da K. Idonka zai kama kurakurai da yawa a nan kafin kowane lissafi.

Jeri ɗaya ba hujja ba ne. Ka maimaita da lambobin tushe daban-daban, a ce 1000, kana ba tagwayen jeri iri ɗaya a kowane karo. Ka fitar da zagaye nawa kowanne ya ci bayan lalacewa kafin Y ta sauka ƙasa da 0.5, da kuma makin Brier, wanda masanin hasashen yanayi Glenn Brier ya gabatar a 1950: ka cire gaskiya, 1 ko 0, daga Y, ka ninka sakamakon da kansa, ka ɗauki matsakaici. Sifiri shi ne cikakken daidai, wanda ke cewa 0.5 kullum kuma yana samun 0.25. Kada ka tsaya a matsakaici kawai wajen lokacin sallamawa. Idan wakili yana kusa da iyakar kullewa, wasu gwaje-gwajen za su ƙare da wuri wasu su ƙi ƙarewa, matsakaicin kuma ya ba ka lambar da ba ta faru a ko ɗaya ba. Zana yadda suka rarrabu.

Gwaji biyu na tsaro: sa M a sifiri, sannan sa T a sifiri. A kowanne, layukan tagwayen dole su hau kan juna ba bambancin ko ɗigo. Idan sun rabu, akwai ɓaraka a manhajarka.

Idan kana da bayanan mutane na gaske kana son gano K ɗinsu, fara da wakilan da ka san lambobinsu. Samar da bayanai daga wakili mai T ta 0.4, ka ɓoye lambar, ka ga ko hanyar ƙiyasinka za ta dawo maka da ita. Idan ta kasa a inda ka san amsa, ba za ta iya a kan mutane ba. Sau da yawa za ka tarar cewa karkata da kuma raina ingancin na'ura suna fitar da zane mai kama da juna idan zagayen ba su da yawa.

Idan wani abu ya rasa

Idan ba ka san ingancin majiyar labari ba, ba za ka iya lissafa N ba. Koma ga ƙa'idar koyo ta Rescorla da Wagner ta 1972: sabon ƙiyasi shi ne tsohon ƙiyasi a haɗa da wani kaso na bambancin abin da ya faru da abin da aka zata. Ka yi kaso biyu, a ce 0.3 idan sakamako ya fi zato kyau, 0.1 idan ya gaza. A kan abin da ke faruwa rabi da rabi, ƙiyasin wannan wakili zai riƙa shawagi wajen 0.75 maimakon 0.5. Ɗan tagwayensa shi ne mai kaso ɗaya a ɓangarorin biyu.

Idan halin da kake nazari na gudun labari ne, ba na raina shi ba, kamar wanda ke ƙin zuwa gwaji don kada ya ji, to ka cire karkata daga nauyi ka kai ta ƙofar shiga: yiwuwar wakili ya duba na'ura ta ragu idan tsoro ya ƙaru. Shawarata ita ce wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ka sa a nauyi da ƙofa da tunawa duka, ba za ka san wanne ya haifar da abin da kake gani ba.

Idan wakilai da yawa kake so, NetLogo ko Mesa, manhajojin kwaikwayon wakilai da yawa, za su sauƙaƙa maka. Ka bar R ta kowane wakili ta ɗan matsa zuwa matsakaicin R na maƙwabtansa, ka fara da kaso ƙarami.

Idan kuma wakilinka yana magana ta babbar manhajar harshe, irin masu hira da mutane, kada ka wadatu da rubuta mata cewa ta zama mai tsoro ko mai bege. Za ta yi magana kamar mai tsoro, amma ba ka da lambar da za ka auna, ba ka da tabbacin gobe za ta yi irin na yau. Ka ajiye Y da R da K a manhajarka, ka yi lissafin a can, sannan a kowane zagaye ka miƙa mata lambobin ta mayar da su magana. Wannan wakili na kwaikwayo da nazari da horarwa ne. Idan za a ɗora tsarin a inda mutane za su dogara da amsarsa, kamar lura da inji na gaske ko ba da shawarar lafiya, ɗan tagwaye mai sanyin kai ne zai ba da amsar, mai karkata kuma ya tsaya a matsayin hasashen yadda mai sauraro zai karɓe ta.